Murjanin da ke tafiya, da ɗaruruwan shekarun da aka kwashe kafin a yarda

1/ Jama'a ku gyara zama, zaren yau dogo ne. Daren jiya ni da abokin ɗakina mun yi musu har wajen ƙarfe biyu a kan wani bidiyo. Wani Bature ne ke ƙorafi wai murjanin da ya saya ya ajiye a gaban akwatin kifinsa na gilashi, da gari ya waye sai ya tarar ya matsa ya jingina da wani. Abokina ya ce ƙarya ce, neman mabiya ne kawai, dutse ba ya tafiya. Muka yi yarjejeniya, wanda ya faɗi shi zai sayi indomi da ƙwai biyu.

2/ Ni na yi nasara, zan kuma nuna muku dalili. Amma abin da ya hana ni barci shi ne kalmar nan tasa, "dutse ba ya tafiya". Ai ita ce maganar da manyan masanan Turai suka riƙe tsawon zamani, har wani likita ya sha raini a kanta. Ni ɗalibin nazarin halittu ne da bai taɓa ganin teku da idonsa ba, to amma karatu ya kai ni. Mu je.

3/ Mu fara daga gida. Murjani ba baƙo ba ne a wurinmu. Jan dutsen ado ne da kakanninmu mata ke tsirawa a zare, kalmar daga Larabci muka aro ta, daga nan ne ma sunan Murjanatu ya fito. Na ainihin daga Bahar Rum ake ciro shi, fatake su ƙetaro da shi Sahara. Abin da ake ratayawa a wuya kuwa ƙwarangwal ɗin wata dabba ce. Duk Murja da ke karanta wannan, a yi haƙuri, ba ni na ce ba.

4/ Girkawa da Rumawan dā sun ɗauka tsiro ne mai laushi a ƙarƙashin ruwa, da zarar ya sha iska sai ya daskare ya zama dutse. Har tatsuniya gare su, wai kan dodanniya Medusa aka ajiye a kan ciyawar teku, ciyawar ta ƙame. Ba gaskiya ba ne, a cikin ruwan ma da taurinsa yake. Amma wa zai nutse ya duba?

5/ A 1706 wani Ba'italiye mai suna Luigi Marsigli, tsohon soja da ya koma binciken teku, ya bi masu ciro murjani a gaɓar Marseille ta Faransa. Ya sa reshe a cikin tulun ruwan teku ya bar shi ya natsu. Can sai ga wasu fararen abubuwa masu yatsu takwas-takwas suna buɗewa a jikin reshen. Ya ce shi ke nan, furanni ne, murjani tsiro ne. Masana suka tafa masa. Littafinsa kan teku ya fito a 1725.

6/ Sai ga wani matashin likita ɗan Marseille, Jean-André Peyssonnel, wanda ya san Marsigli tun yana yaro. Ya maimaita aikin, a gida da kuma gaɓar Aljeriya, a shekarun 1720. Shi ma ya ga "furannin". Sai dai ya daɗe yana kallo fiye da na gabansa. Ya ga suna motsa yatsunsu, in an taɓa su su noƙe su shige rami, in an ƙyale su su sake leƙowa. Ya ce a'a, waɗannan ƙananan dabbobi ne, dutsen kuma gidan da suka gina ne.

7/ Ya aika da rubutunsa Majalisar Kimiyya ta Paris. Babban masanin lokacin, Réaumur, ya gabatar da maganar a 1727, ya soke ta, ya kuma ɓoye sunan marubucin don kada a yi masa dariya. Ku duba fa. Ka gano gaskiya, sai a rufa maka asiri kamar wanda ya yi abin kunya.

8/ Peyssonnel ya tattara ya tafi tsibirin Guadeloupe aikin likita, can ya ƙarasa rayuwarsa a 1759. Allah sarki.

9/ Abin da ya wanke shi ya zo ne daga wani kududdufi. A 1740 Abraham Trembley, ɗan Geneva mai koyar da 'ya'yan wani babban mutum a Holan, ya ɗebo ruwan rafi a kwalba ya ga wani koren abu siriri manne da ciyawa. Kore ne, ya ce tsiro ne. Kwana biyu sai ya ga abin yana takawa, ya lanƙwasa ya dafa ya ja jiki kamar tsutsa. Ya kuma lura suna taruwa a gefen kwalbar da haske ke bugawa. Ku riƙe maganar hasken nan, za mu dawo mata.

10/ Wannan halitta ita ce Hydra, 'yar uwar murjani ce ta nesa. Bayan aikin Trembley aka koma bakin teku aka sake dubawa, Réaumur da kansa ya amsa a rubuce a 1742 cewa Peyssonnel ne ke da gaskiya. Shekara 15 ke nan bayan ya ɓoye sunansa. A nan dai na yaba masa, ba kowane farfesa ba ne zai iya lashe amansa a bainar jama'a.

11/ To an yarda dabba ce. Sai aka kafa sabuwar doka a kai: dabba ce, amma a kafe take, inda ta sauka tana ƙarama nan za ta mutu. Kuma ga yawancin murjani haka ɗin ne. Dubban ƙananan halittu ne ke haɗuwa su yi gini ɗaya manne da dutse. Littafin Darwin na 1842 kan yadda tsibiran murjani ke samuwa a kan wannan ya ginu, suna ta gini sama yayin da ƙasan ke nutsewa a hankali.

12/ Amma akwai wani dangi da ya ƙi bin layi. Ku ɗauko naman kaza, wanda wasu ke ce wa laimar kwaɗi, ku kifa shi ku dubi ƙasansa. Kun ga layukan nan da suka taso daga tsakiya zuwa baki? Haka ƙwarangwal ɗin wannan murjani yake. Faifai ne guda, yawanci baki ɗaya a tsakiya, halitta ɗaya ƙatuwa maimakon dubbai. Wani bai wuce kwabo ba, wani ya kai faranti.

13/ Linnaeus ya sa masa suna Madrepora fungites a 1758. Lamarck ya ware masa jinsi na kansa a 1801, Fungia, daga kalmar Latin ta naman kaza. A 1846 Ba'amurke James Dana ya raɗa wa dangin duka Fungiidae. A Tekun Indiya da Fasifik suke, har da Bahar Maliya, wato akwai su a ruwan Sudan da Saudiyya. Babu su a Atlantika, kada wani ya je bakin ruwan Legas nema.

14/ Matsalar ita ce masanan Turai na farko busasshen ƙwarangwal suke samu, wanda matuƙan jirgi suka kawo aka jera a kabad. Kamar a ba ka ƙashin akuya a ce ka faɗi yadda take tsalle. Duk da haka ƙashin na da abin tambaya: ƙasansa ba shi da saiwa, ba shi da wurin da aka ɓalle shi daga dutse da ƙarfi. To da me yake riƙe?

15/ Samuel Stutchbury, Baturen Ingila da ya bi jirgin neman lu'ulu'u zuwa tsibiran Fasifik, shi ya bayyana amsar a 1833. Yana ƙarami a manne yake, a kan ɗan kara, sak naman kaza mai tsaye. Da faifan ya yi faɗi sai ya rabu da karan ya faɗo kan yashi.

16/ Yau mun san shi da kansa yake narkar da ƙashin a daidai wuyan karan har ya tsinke. Karan da aka bari kuma yana iya sake tsiro da wani faifan. Wato yaye kansa yake yi. Daga ranar ba shi da gida, ba shi da anga.

17/ To amma rashin anga daban, tafiya daban. Dutsen da ke kwance a rafi ma ba a ɗaure yake ba. Za a iya cewa igiyar ruwa ce ke tura shi, ko kifi ya ture shi, kuma duk suna faruwa. In kana son ka tabbatar shi ke motsa kansa, dole ka raba shi da igiyar ruwa, ka ajiye shi da rai a inda za ka sa masa ido kwana da kwanaki. Nan akwatin gilashi ya shigo tarihi.

18/ Kuma mata ne a gaba a nan, abin da ba a cika faɗa a aji ba. A 1832 Jeanne Villepreux-Power, Bafaranshiya da ta fara rayuwa da ɗinki, ta ƙera akwatunan nazarin halittun teku a Messina ta Sisili. A 1846 Anna Thynne ta ɗebo ƙananan murjani daga gaɓar Torquay ta kai su gidanta a Landan.

19/ Labarin Thynne na burge ni. Babu famfo, babu lantarki. Da farko daga teku ake yi mata safarar ruwa. Daga baya ta gano in ana kwarara ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan a gaban taga, yana shan iska ya farfaɗo. Mai aikin gidanta ce ke wannan jigila, ita ma ta cancanci a tuna da ita. Da haka murjanin suka rayu shekaru, har ta ga yadda suke hayayyafa, aka buga bayananta a 1859.

20/ Gidan namun dajin Landan ya buɗe ɗakin kifi ga jama'a a 1853, Philip Gosse ya fitar da littafinsa kan akwatin kifi a 1854, abin ya zama yayi a Ingila. Sai dai murjanin ƙasashe masu zafi ya fi ƙarfin falon Landan. Yana son ɗumi, yana son rana mai ƙarfi. Sai dai masanin ya tashi ya je inda yake.

21/ Waɗanda suka je su ne Japanawa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya tsibiran Palau sun koma hannun Japan, a tsakiyar shekarun 1930 suka buɗe tashar binciken halittun teku a Koror. Matasan masana suka zauna a bakin ruwan suna kallon murjani mai rai kullum.

22/ A 1939 ɗaya daga cikinsu, Noboru Abe, ya wallafa bincike kan wani murjanin naman kaza mai dogayen yatsu, wanda yau ake kira Heliofungia actiniformis. Abu biyu ya rubuta a kai: yana ƙaura daga wuri zuwa wuri, kuma in an kifa shi yana iya mirginowa ya koma daidai. Dabbar da ba ta da ƙafa, ba ta da ƙwaƙwalwa, tana ɗauke da dutse a cikinta.

23/ Ku duba shekarar. 1939. Yaƙi ya taso, aka rufe tashar a 1943, mujallar tashar kuma ba kowane ɗakin karatu ke da ita ba. Don haka amsar musunmu na daren jiya ta girmi kakana, amma ta daɗe a lungu.

24/ Ɗan ratse. A 1968 Thomas Goreau da Maurice Yonge sun bayyana wani murjanin na daban, Heteropsammia, da ke zaune a kan laka. Shi ba ya wahalar da kansa. Wata tsutsa ce ke zaune a rami a gindinsa, ita ke jan sa tana yawo da shi, shi kuma yana kare ta da dafinsa. A 2017 aka gano a kudancin Japan wata 'yar ƙaguwa ta karɓe aikin tsutsar. Murjani da ɗan acaɓa, kun ji.

25/ Mu koma kan namu. Da kayan nutso suka yawaita, sai aka fara sa musu alama a ƙasan teku ana komowa ana aunawa. Nanette Chadwick ta yi haka a Hawai, ta wallafa a 1988, sannan ita da Yossi Loya a Eilat ta Bahar Maliya a 1992. Ƙanana sun fi manya yawo, da yawa kuma gangarawa suke yi daga tudu zuwa zurfi.

26/ Ta kuma ga wani hali nasu da ya shafi mai akwatin nan na bidiyo kai tsaye. In murjanin naman kaza ya jingina da wani murjanin, galibi maƙwabcin ne ke ji a jikinsa, naman wurin da suka haɗu ya mutu. Wato baƙo ne da in ya sauka a gidanka kai za ka matsa.

27/ Me ke sa shi tafiya? Na farko haske. A cikin namansa akwai ƙananan gansakuka masu ƙwayar halitta ɗaya, su ke haɗa abinci da hasken rana su ba shi kaso. In ya faɗa inuwa, yunwa ce. A 1995 Yamashiro da Nishihira na Japan suka nuna cewa nau'o'i da dama na wannan dangi suna nufar haske da kansu, mafi saurinsu na yin kamar santimita 3 a awa. Kun tuna kwalbar Trembley? Shekara 255 tsakani.

28/ Na biyu yashi. Wanda ke kwance a kan rairayi kullum cikin haɗarin binnewa yake, guguwa ɗaya ta isa. A 2012 Pim Bongaerts da abokan aikinsa suka binne wasu da gangan a cikin akwati suka kafa kyamara. Murjanin ya riƙa shan ruwa yana kumbura kamar balan-balan, ya sace, ya sake kumbura, yashin na zamewa, cikin sa'o'i ya fito fes. In kun samu bidiyon ku kalla, kamar ƙullun fanke ne ke tashi.

29/ Na uku maƙwabcin banza. A shekarar dai, Bert Hoeksema da Nicole de Voogd na Holan suka ba da rahoton waɗanda ke matsawa daga soson teku mai guba. Hoeksema ɗin nan tun 1989 ya rubuta babban kundin wannan dangi, kusan duk takardar da na buɗe sai na ci karo da sunansa.

30/ Saura tambaya ɗaya, wadda abokina ya yi ta maimaitawa: to da wace ƙafar? A Janairun 2025 Brett Lewis da tawagarsa a wata jami'ar Brisbane ta Ostireliya suka fitar da bincike a mujallar PLOS One kan wani ƙarami, Cycloseris cyclolites. Sun sa shi a akwati mai duhu, haske a gefe guda, kyamara na ɗaukar hoto a kai a kai, daga baya aka haɗa hotunan aka ƙara musu sauri.

31/ Ga abin da ya bayyana. Yana cika namansa da ruwa har ya ɗaga ƙashin daga ƙasa. Naman ƙasansa ya baje ya dafe yashi. Sannan naman gefe ya matse ya murɗa, sai jikin ya yi ɗan tsalle gaba. Ya huta, ya sake. Masu binciken sun kwatanta bugun da yadda jelifish ke iyo, kuma ba mamaki, dangi ɗaya ne.

32/ Sun kuma ga ya fi son shuɗin haske a kan fari nesa ba kusa ba. Wanda ya fi nisa ya yi kamar santimita 22 a awa 24. Shuɗi shi ne launin da ya fi ratsa ruwa zuwa zurfi, wannan ya yi daidai da gangarawar da aka daɗe ana gani a teku.

33/ Ni a ganina abin da ya ɓatar da mutane tun daga Marsigli shi ne agogo. Idonmu an yi shi ne don ganin abin da ke motsi cikin daƙiƙa. Abin da ke yin taku ɗaya a awa, a wurinmu a tsaye yake. Peyssonnel ya fi Marsigli zama, Thynne ta zauna shekaru, kyamarar Lewis ba ta ƙiftawa. Duk wanda ya ƙara wa tarihin nan shafi, zaman kallo ya ƙara.

34/ Kafin masu kiwon kifi su cika min akwatin saƙo: na sani, a shagunanku akwai wani abin daban da ake kira da wannan suna. Su Discosoma, Rhodactis da Ricordea. Waɗannan ba su da ƙashi ko kaɗan, nama ne zalla manne da dutse. Su ma suna tafiya. Suna jan gindinsu a hankali, su bar ɗan guntun nama a baya, guntun ya zama sabo. In wurin bai yi musu ba gaba ɗaya, sai su saki dutsen ruwa ya ɗauke su.

35/ Don haka ko wanne Baturen ya saya, amsar ɗaya ce. Mai ƙashin a kan yashi ake ajiye shi, ba a liƙa shi da gam a kan dutse, a kuma bar masa fili don kada ya ƙone na kusa. Maras ƙashin kuwa, ka ajiye ɗaya yau, baɗi ka tarar ya cika maka dutse.

36/ Akwai ɓangaren da ba daɗi. Rashin angar da ya ba shi 'yanci shi ya sa ya fi sauƙin ɗauka, ba guduma, ba kurfi, hannu kawai za ka sa. Irin wanda Abe ya yi nazari a kai na cikin waɗanda aka yi ta kwasa daga Indonesiya ana kaiwa Turai da Amurka, kuma ya yi suna wajen saurin mutuwa a akwati. Murjani masu ƙashi suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, sai da takardar izini ake ƙetare iyaka da su. Indonesiya ma ta taɓa dakatar da fitarwa a 2018 kafin ta sake buɗewa a 2020.

37/ Na karanta wa abokina duk wannan da safe. Ya yi shiru, ya ɗauko waya ya yi lissafi. Daga ƙofar ɗakinmu zuwa teburin mai shayi kamar mita 100 ne. A santimita 22 kullum, kwana 455 ke nan, shekara ɗaya da wata uku. Ya ce ya yarda ya faɗi, indomina na nan tafe, amma da saurin murjani.